Tsumma, dasta, marufi ko ruwa: wanne ya fi raga wa fentin mota a lokacin ƙura?

Duk wanda ya taɓa kwana da mota a Kano, Katsina ko Maraɗi a watan Janairu ya san abin da zai tarar da safe. An wanke ta jiya da la'asar tana ƙyalli, gari na wayewa ta yi fari fat, har yaran maƙwabta sun rubuta sunayensu da yatsa a gilashin baya. Wanki kullum ba zai yiwu ga yawancinmu ba, ko don kuɗin ruwa ko don lokaci. To, tsakanin wannan wanki da na gaba me za a yi?

Na gwada kusan duk hanyoyin da mutane ke bi, a kan baƙar motar da na fara saya da kuma mai ruwan azurfa da nake hawa yanzu. Ma'auni ɗaya nake auna su da shi: yaya yawan gogar ƙura a jikin fenti da kowace hanya take jawowa? Busasshiyar ƙura da ke kwance a kan mota ba ta yi mata komai, illa muni a ido. Wadda aka danna aka ja da hannu ita ce mai ɓarna.

Sai an san abin da ake gogewa kafin a gane dalili. Fentin motar zamani hawa-hawa ne: akwai na ƙasa da ke kama ƙarfe, sai kala, sai wani garai-garai a sama wanda masu fenti ke kira kiliya. Shi ne ke ba da ƙyalli, shi ne kuma ke tare rana. Kaurinsa bai cika wuce mikron 40 zuwa 50 ba, alhali silin gashin kai ɗaya yana kaiwa wajen mikron 70. Kuma ba shi da tauri. Leƙa ƙarƙashin hannun ƙofar direba a kowace tsohuwar mota, za ka ga zane-zane birjik, aikin farce ne kawai.

Ita kuwa ƙurar hunturu, kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele yake tasowa a arewacin Chadi, inda iska ke kurɗowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta kwashi busasshen ƙasan tsohon tafki, ta yo kudu maso yamma da shi. Kafin ta iso kan bonet ɗinka ta haɗu da ƙurar hanya da ta unguwa. A cikinta akwai yumɓu mai laushi, akwai kuma ɓurɓushin ma'adinin yashi, wanda ke mataki na 7 a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs. Gilashi yana wajen 5 da rabi. Abin da zai iya zana gilashi, ina ga kiliya? Duk sanda aka ɗora busasshen ƙyalle a kan wannan ƙura aka murza, samfefa aka haɗa, mai laushi dai amma samfefa.

Shi ya sa tsumma ya zo ƙarshe a lissafina, duk da shi ne aka fi amfani da shi. Tsohuwar singileti, guntun tawul, yankin atamfa, duk ɗaya ne: ba su da inda za su ɓoye ƙurar da suka kwaso, sai su tura ta gaba suna jan ta a kan fenti. Baƙar motata ta ɗanɗana wannan. Dattijon da ke mana gadi, mutum mai son ya ga an fita fes, kullum bayan sallar asuba sai ya bi ta da tsumma. Hunturu biyu kacal, in rana ta haska bonet sai ka ga zane zagaye-zagaye kamar saƙar gizo, baƙin ya koma toka-toka. Ranar da na ce masa, "Baba, don Allah a daina goge motar nan da safe," sai ya ce, "Yallaɓai, ka fita da ita haka? Ai sai a ce ba ka da mutane a gida." Na fahimce shi sarai, don a wurinmu mota mai ƙura kamar riga ce marar guga. Amma garin gyaran gira ake rasa ido. Za a iya kai ta a yi mata folish da inji zanen ya ɓace, sai dai folish ba cike ramin yake ba, kankare kiliyar yake har ta yi daidai da gindin zanen. Kowane zuwa yana cin wani abu daga wannan ɗan kauri, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa sai an sake fenti.

Dasta ya fi tsumma, amma dasta iri-iri ne, kuma bambancinsu ba ƙarami ba ne. Wanda ake tallarsa a goslo, mai zaren roba kala-kala, kaɗa ƙurar yake yi ta tashi ta sake sauka, kuma bayan 'yan makonni bakin zaren yakan yi kaushi. Na gashin jimina na gaske ya fi shi nesa ba kusa ba. Gashin yana da laushi, yana riƙe ƙura, har wasu masana'antun mota da shi suke share jikin mota kafin a fesa fenti. Sai dai can a ɗaki mai tsabta suke, ba yashi suke sharewa ba. Na uku shi ne mai dogayen zaren auduga da aka jiƙa da kakin farafin, irin wanda aka fi sani da California Duster. Kakin ne ke sa ƙura ta manne wa zaren maimakon ta tashi. In sabo ne, a shimfiɗa shi a kan jarida kwana 2 ta tsotse rarar kakin, in ba haka ba zai bar maiƙo layi-layi, musamman a kan motar da ta sha rana.

Sharaɗin dasta, kowane iri ne, guda uku: ƙurar ta zama ta kwana ɗaya, ta zama busasshiya, kuma bakin zaren kawai zai taɓa mota, ba a dannawa. A ja shi gefe ɗaya, a kakkaɓe bayan kowane ɓangare, kada a sauko da shi ƙasan ƙofofi da bamba inda yashin taya ke fantsama. A kan fara ko mai ruwan azurfa, wanda ya kiyaye wannan zai yi shekaru bai ga illa a ido ba. A kan baƙa ko shuɗiya mai duhu, ni dai ban yarda da shi ba. Matsalarsa ta gaskiya ita ce da wuya ya tsaya a hannun mai kiyayewa. Yau kai ka riƙe, gobe yaro ne ya ga tabon kashin tsuntsu ya danna da ƙarfi.

Iska ba ta taɓa fenti ko kaɗan, wannan ne kyawunta. Ƙaramar bulawa mai batir, wato injin hura iska, ko iskar mai faci in ka tsaya duba taya, za ta ɗebe ƙurar da ke sama-sama da wadda ta maƙale a lungun madubi da gindin gilashi. Amma kada a sa mata rai da yawa. A busasshen yanayi jikin mota yakan ɗauki irin wutar nan da ke sa mayafi ya yi ƙaras-ƙaras da daddare, ita kuma tana riƙe ƙura mafi laushi gam. Bayan an busa, motar za ta rage fari amma ba za ta yi ƙyalli ba. A kula kuma kada a karkata bakin bulawar ƙasa, yashin tsakar gida zai taso ya feshe ƙofofi. Matakin farko ce mai kyau, ba ta isa ita kaɗai ba.

Zuba ruwa zalla ba tare da an taɓa ba shi ma haka yake, ba ya zana komai. Bokiti ɗaya da kofi, a fara daga rufi a gangaro, yawancin ƙurar za ta bi ruwan. Inda yake ba da matsala shi ne wajen bushewa. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana ɗauke da ma'adinai, iskar hunturu kuma cikin 'yan mintuna take shanye shi, sai a bar ka da ɗigo-ɗigon fari. In motar ta yi zafi, wannan tabo yana iya kama kiliya har wanki ya kasa fitar da shi. In kuma ka ce bari ka tsane da tawul, to ka sani ruwa zalla bai ɗebe dukkan dattin ba, ka koma gidan jiya. Ruwa zalla yana yi wa motar da aka shafa wa kakin kare fenti a jiki, don ruwa zamewa yake daga kanta, kuma da sassafe ko bayan la'asar, a inuwa.

Yanzu ga hanyar da na fi dogara da ita. Abin da ake so shi ne a taɓa fenti, amma da santsi tsakanin ƙura da kiliya, da kuma ƙyallen da zai haɗiye ƙurar. Ƙyallen shi ne maikurofaiba, wanda zarensa ya fi gashi siriri sosai kuma an tsattsaga shi, ƙura na shigewa ciki maimakon ta tsaya a fuska. A nemi mai kauri, mai gashi-gashi, wanda nauyinsa ya kai giram 300 zuwa sama a murabba'in mita. Ana rubuta wannan lamba a jikin ledar masu kyau. A cire ɗan lakabin da ke gefe, shi ma yana zane. Santsin kuma daga ruwan magani yake zuwa, kuma iri biyu ne a kasuwa.

Akwai na feshi a kwalba, wanda ake fesawa a goge nan take. Yana da sauƙi, yana zama a but, ya dace da ƙurar yini ɗaya, da tabon yatsa, da kashin tsuntsu. Amma kwalba ba ta daɗewa in kullum za a bi mota gaba ɗaya, kuma ruwan da yake sawa bai kai ya ɗauki ƙura mai kauri ba. Akwai kuma wanda ake ɗigawa a bokiti, wankin da ba a ɗauraya. Sanannen cikinsu shi ne Optimum No Rinse, wanda ake zuba mililita 30 a ruwa wajen lita 8. Ka ga ko rabin jarkar mai ruwa ba a ci ba. Ana jiƙa ƙyalle 4 ko 5 a bokitin. A ɗauki ɗaya a ninka biyu, a sake ninkawa, ya ba da fuska 8. A ɗora shi yana ɗiga, a ja a miƙe sau ɗaya ba tare da dannawa ba, a juya sabuwar fuska. In fuskokin sun ƙare a ajiye shi gefe, kada ya koma bokiti, a ɗauki wani. Kowane ɓangare aka gama a tsane shi da busasshen ƙyalle mai tsabta kafin iska ta riga ka. Daga rufi ake farawa, ƙasan ƙofofi ne ƙarshe. In an saba, minti 20 ya isa ƙaramar mota irin Corolla. In ƙurar ta ɗan yi yawa, a zuba ruwan maganin a kwalbar feshi a fara jiƙa wurin tukuna.

Tsakanin su biyun, na bokiti ya fi aminci kuma ya fi arha a kan lokaci, don kwalba ɗaya tana yin wanki da yawa. Wahalarsa biyu: ba kowane shagon kayan mota ke da shi ba, sau da yawa sai an yi oda ta intanet, sannan ƙyallayen suna son kulawa. A wanke su su kaɗai, ban da maganin laushin kaya, ban da guga, a shanya a ɗaki ba a igiyar tsakar gida ba inda za su sha ƙurar da ake gudu. Wanda ya faɗi ƙasa ya tashi daga na fenti, ya koma na wili. Wanda ya san ba zai iya wannan hidima ba, gara ya bar motar da ƙurarta har ranar wanki. Da gaske nake, wannan ma zaɓi ne, kuma ya fi tsumma sau goma.

Marufin mota fa? A ido shi ne amsar da ta fi kowacce: a hana ƙurar sauka tun farko. Kuma yana yi, in an cika sharaɗi guda, wato motar ta kasance wankakkiya lokacin da aka rufe ta. Wanda ya yini a gari ya dawo da magariba ya ja marufi a kan ƙurar yini, ya shimfiɗa babban tsumma ne a kan motar gaba ɗaya. Iskar dare kuma ta zo tana kaɗa shi, yana shafar kusurwoyin rufi da bakin bonet da madubai har asuba. Cikinsa ma ya ɗauki ƙura, gobe ko an wanke motar zai mayar mata. Masu arhar nan na leda mai ruwan azurfa, marasa shafi a ciki, sun fi ɓarna: rana na gasa su su yi kaushi su fara yagewa, da damina kuma su riƙe danshi a ƙarƙashi. Araha ba ta ado. Tamfol kuwa ko kusa, na rufe buhuna ne. In za a saya, a nemi mai laushin ciki kamar bargon jarirai, mai barin iska ta ratsa, wanda aka ɗinka daidai girman motar, mai igiyar ɗaurewa ta ƙasa. Wajen cirewa a naɗe shi ciki na haɗuwa da ciki, kada ya taɓa ƙasa.

Don haka marufi na motar da ke zama ne: ta fita Juma'a ko biki, ta wanda ya yi tafiya Umara ko aikin wata guda, ta Hajiya da ba ta fita sai jefi-jefi. A wanke, a bari ta bushe, a rufe. A riƙa ɗagawa lokaci-lokaci, don ɓeraye na son wurin da ba a taɓawa, kuma wayoyin injin suke ci. Motar zuwa aiki kullum, marufi wahala ce da ƙarin zane.

Abin da ya fi marufi ga motar kullum shi ne wurin kwana. Gareji mai ƙofa ya fi komai, ba gardama. Rumfa ta kwano ko ta yadi ba ta hana ƙurar hunturu shiga, tunda ta gefe take zuwa, amma tana rage wadda ke sauka da daddare, tana tare raɓa, tana tare rana. Raɓar nan ba ƙaramin abu ba ce, musamman da kaka kafin iska ta bushe sosai: ita ke jiƙa ƙura ta mayar da ita laka, rana ta fito ta gasa, daga nan dasta da iska sun tashi aiki. In rumfar na da katanga ko labulen buhu ta gabas da arewa, inda iskar ke fitowa, bambancin a bayyane yake. Kuma a yayyafa ruwa kafin a share tsakar gida, ko a fitar da motar tukuna. Sharar safe kaɗai tana iya mayar da wankakkiyar mota yadda take.

Gindin bishiya kuwa, an gudu ne ba a tsira ba. Inuwar darbejiya ko mangwaro da daɗi, amma kashin tsuntsu da na jemage da ɗanƙon itace sun fi ƙura illa nesa, don su suna cin kiliya da kansu ko ba a taɓa ba, kuma zafi na ƙara musu sauri. Wanda ba shi da wata inuwa sai ita, ya ajiye kwalbar feshi da ƙyalle a mota, ya jiƙa tabon ya bar shi ya yi laushi, ya ɗauke a ranar. Haka ma kusa da inda ake gini: ƙurar siminti in ta samu danshi kamawa take.

Saura kaki da dangoginsa. Kada mai shago ya ce maka akwai abin da za a shafa ƙura ta daina sauka, babu shi. Abin da suke yi shi ne su sa fenti santsi, ƙurar ta kasa kamawa sosai, ta fita da ɗan ruwa ko iska. Kakin karnuba, wanda ake samu daga ganyen wani irin giginya a arewa maso gabashin Brazil, yana ba da ƙyalli mai zurfi amma zafinmu ba ya barin sa ya daɗe, wata ɗaya ko biyu an sake. Na haɗin kemikal ya fi shi jurewa, yakan yi watanni. Shafin siramik yana kai shekaru in ƙwararre ya yi, da tsadarsa, kuma dole a gyara fentin kafin a shafa. Lambar 9H da ake tallarsa da ita ma'aunin taurin fensir ce, ba ta Mohs ba. Yashi zai zana shi kamar yadda yake zana kiliya. Ga yawancin mutane, na tsakiyar ya wadatar: a shafa a farkon Nuwamba kafin iska ta juyo, a maimaita wajen Maris. Sai a hana masu wanki zuba omo, yana wanke kakin tas. A hana su kuma ɗiga kananzir a ruwa don ƙyalli, maiƙonsa kiran ƙura yake. Man birki da wasu ke shafa wa taya, in ya ɗiga a fenti cinye shi yake.

Mai shirin sayen mota ma yana da ta cewa tun a wurin dila. Ruwan azurfa, ruwan gwal, ruwan ƙasa da fari suna ɓoye ƙura da zane. Baƙa tana tona su duka. Mai baƙar mota a Sakkwato ko Zinder ya ɗauki aiki, ya sani tun yanzu.

To wa ya kamata ya ɗauki wanne? In motarka na kwana a gareji ko rumfa, kalarta mai haske, titinka mai kwalta, dasta mai kaki da hannu marar nauyi ya ishe ka, ka ƙara da wankin bokiti sau ɗaya a tsakiyar mako. In baƙa ce, ajiye dasta, ka tsaya kan iska da wankin bokiti. In a layi take kwana, gidan haya, ba rumfa, kuɗin marufi gara ka sa su a kaki da ƙyallaye masu kyau. In hanyarka ta burji ce, ko ka dawo daga ƙauye, ko hadarin farkon damina ya taso da guguwa ya yayyafa mata laka, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya dace. Wannan sai ruwa mai yawa, a fara kwarara shi kafin soso ya taɓa. Gwajin da nake yi kafin na yanke shawara shi ne na hura da baki a kan bonet. In ƙurar ta tashi fenti ya bayyana, mai sauƙi ce. In ta tsaya, ko na ga ƙwayoyin yashi, ko ta yi ɗigo-ɗigo alamar ta jiƙe ta bushe, ba na taɓawa sai wurin wanki.

Gilashi ne kaɗai ba a jira da shi. Fenti zai iya zama da ƙurarsa kwana 5, amma gilashin gaba mai ƙura a hazon hunturu, ga rana tana fitowa a fuskarka ko fitilar tirela da daddare, haɗari ne. Kowace safiya a zuba masa ruwa, da madubai da fitilu, a ɗaga wayifa a share robarta da jiƙaƙƙen ƙyalle. Kada a kunna wayifa a kan busasshiyar ƙura, don ita ke barin zanen nan mai lanƙwasa daidai saitin idon direba. Tankin ruwan wayifa kuma a duba shi duk ranar da aka sha mai, ya kasance a cike.